Mai Bargo da Launukan Direba

Duk wanda ya taɓa jiran bas a layin nan ya san tagar hawa na biyu da ke saman gidan burodi. Tun da hantsi ƙarar keken ɗinki take saukowa daga can, ta gauraya da ƙamshin burodi da hayaniyar masu sauri zuwa aiki. Matar da ke bayan tagar ita ce Mai Bargo, gajeriya mai faɗin kafaɗa, wadda ba ka raba wuyanta da tef ɗin awo ko da kuwa kicin za ta shiga.

Ba ta taso da niyyar wannan sana'a ba. Tana budurwa ta samu aiki a wani kamfani da ke ɗinka kayan makaranta da na ma'aikata, aka ajiye ta a teburin yanka. Kullum da yamma sai a share tulin ƙyallaye a cusa a buhu a kai bola, abin yana ci mata rai. Sai da ta samu cikin fari sannan ta yi ta maza ta roƙi shugaban sashensu ya bar ta ta ɗebi kaɗan. Ya ce ta kwashe duka ma in tana so, ta rage wa masu shara aiki.

Da waɗannan ƙyallaye ta haɗa bargonta na farko. Irin wannan bargo hawa uku ne: a sama ƙyallayen da aka yanka aka jera, a tsakiya auduga, a ƙasa shafi. Keke yana iya haɗa na saman, amma sai an bi hawa ukun da ɗinkin hannu, layi bayan layi, don kada audugar ta dunƙule in an wanke. Wannan bi na ƙarshe aikin yatsa ne da ido, kuma a nan ne ta yi suna. Maƙwabta sukan juya bargonta su nemi inda ta ƙulle zare su rasa.

Ta haifi uku. Babbar ita ce Malama, wadda ke koyarwa a wani gari mai nisa, kuma tun tana ƙarama ta rantse ba ita ba allura. Sai namijin, makanike, wanda bai daɗe da aure ba. Sai Auta da ke jami'a. Mijinta kuwa, Direba, ya ƙare ƙuruciyarsa yana tuƙa bas a cikin gari har ya yi ritaya. A kan hanya bakinsa ba ya hutawa, amma a gida sai ka tatsi magana kafin ka samu.

Idan shekara ta zo ƙarshe, makarantu da ofisoshi suka rufe, duk yaran sukan dawo gida hutu. Ranar da aka hallara, bayan an ci an sha, Mai Bargo takan jawo wani ƙulli daga ƙarƙashin gado ta kwance a tsakiyar falo. Kowa da nasa. Wani bargo, wani rigar filo, wani jakar kwamfuta mai taushi, mai gidan burodi na ƙasa ma ba a mantawa da shi, yakan samu abin sauke tire mai zafi. Tun watan farko na shekara take fara tanadin waɗannan kyaututtuka, kuma ba ta taɓa sayen ko ɗaya a kanti ba.

Matsalar idon ta zo ne a hankali. Da farko ta ɗauka gilashin tagar ne ya yi datti, ta yi ta gogewa. Daga nan ta sa aka canza ƙwan lantarki, ta ce na yanzu ba su da haske irin na da. Ta canza tabarau, bai yi ba. Ba ta gaya wa kowa ba, don ta san abin da zai biyo baya, za a ce ta ajiye ɗinki ta huta, ita kuwa ba ta san me ake yi da hutu ba.

Direba ne ya gano. Wata safiya yana shan shayi yana kallonta tana ta kai zare bakin allura yana wucewa ta gefe. Ta lashi bakin zaren, ta sake kaiwa, ya sake wucewa. Ya ajiye kofi ya miƙa hannu ya karɓa ya zura mata. Washegari kafin ta fito daga wanka ta tarar da allurai a jere a kan ɗan matashin da take sokawa, kowacce da zarenta. Ba ta yi godiya ba, shi ma bai jira ba. Haka abin ya zama aikinsa na kowace safiya.

Da idon ya ƙara dushewa, launuka suka fara rikice mata. Sai ta ɗaga ƙyalle sama ta ce, "Baban yara, wannan wane launi ne?"

Ya leƙo ta saman jarida. "Shuɗi."

"Mai duhu ko mai haske?"

"Kamar dai na motar kai yara makaranta."

"Wannan fa?"

"Ja ne. Amma ba ja sosai ba, irin na man birki."

Da haka suka yi shekaru suna aiki. Ita tana yankawa da lalube, don hannunta ya san awo ko ido a rufe, shi yana ware mata ƙyallaye cikin kwalaye, wannan na shuɗi, wannan na kore, wannan na ja. Kowane ƙarshen shekara kyaututtuka suna fita kamar yadda aka saba, yara suna karɓa da murna.

A bana ne Malama ta zo ziyara ba zato, ta ga uwarta ta zuba ruwan zafi a gefen kofi. Ba ta tsaya shawara ba, ta kai ta asibiti. Likita ya duba ya ce yanar ido ce ta rufe idanun biyu, aiki ne na ɗan lokaci, za a fara da na dama. Mai Bargo ta ce ta yarda, amma sai ta gama kyaututtukan bana tukuna, musamman bargon surukarta, matar makanike. Yarinyar shiru-shiru ce, tun da aka yi auren ba su saba sosai ba, kuma wannan ne karo na farko da za ta zo hutun. Mai Bargo ta zuba duk basirarta a bargon nan: taurari shuɗɗa a kan fari, irin zanen da ta fi ƙwarewa a kai. Ta gama, ta ninke, ta ƙulle tare da sauran, ta tura ƙarƙashin gado, sannan ta tafi aka yi mata aikin, saura 'yan kwanaki a fara hutu.

Ranar da aka cire mata bandeji, abin da ta fara gani shi ne fuskar mijinta. Ta daɗe tana kallonsa.

"Yaushe ka yi wannan furfurar?"

"Tana nan tun tuni," in ji shi. "Ke ce ba ki tambaya ba."

A hanyar gida sai dariya take yi ita kaɗai. Ashe bishiyoyi suna da ganye ɗaya-ɗaya. Ashe mai gidan burodi ya bar gemu. Da suka shiga falo ta ga inda ruwa ya yi wa rufi tabo, ta ga labulen da take alfahari da shi ya koɗe, duk ba su dame ta ba. Ta ce wa mijinta ya jawo mata ƙullin nan, tunda likita ya hana ta sunkuyo. Tana so ta ga aikinta.

Ya jawo ya kwance. Ta warware bargon surukar a kan kujera, sai murmushin ya bar fuskarta.

Taurarin suna nan, amma ba shuɗɗa ba ne. Wani shunayya, wani ruwan toka, wani kore shar, kuma a tsakiyar bargon, inda ido zai fara sauka, ga wani tauraro da ƙafafunsa biyu suka fito ruwan goro. Ɗinkin hannun kuwa, wanda ta yi suna a kansa, ya karkace nan ya miƙe can kamar sawun kaza a kan yashi. Wani taku dogo, wani gajere, ga ƙullin zare a fili.

Ta nuna tauraron da yatsa. "Baban yara. Wannan wane launi ne?"

Ya matso ya duba da kyau. "Ai shi ne na ce miki ja ne amma ba sosai ba."

"Me ya kai shi kwalin shuɗi?"

"Kwalin ja ya cika."

"Wannan fa?" Ta taɓa shunayyan.

"Shuɗi mana."

"Innalillahi! Mutumin da ya yi shekara da shekaru yana tsayawa a danja!"

"Danja launi uku gare ta," ya ce a hankali. "Kuma ban taɓa kuskure ko ɗaya ba."

Da a wata rana ce da ta yi dariya. Ranar kam kujera ta samu ta zauna, hawaye na zubo mata ta idon da aka yi wa aiki, shi kuma yana ta roƙonta kada ta murza. Ta ce ba za ta bayar da su ba. Ta ce a kawo mata almakashi ta farke ta sake. Ya tuna mata likita ya hana ta aikin allura sai bayan makonni. Ta ce to ya je kanti ya sayo ko tawul ne a naɗe wa kowa. Nan fa Direba, wanda bai cika yi mata musu ba, ya ninke bargon, ya mayar cikin ƙullin, ya ce shi dai ba inda za shi.

Kwana biyu ba ta yi masa magana ba sai ta dole. Shi kuwa yana ɗiga mata maganin ido a kan lokaci, safe da rana da yamma, yana riƙe mata haɓa kamar mai duba inji.

Auta ce ta fara isowa, da jaka a baya da wani abu a naɗe a hammata. Ta rungume uwarta, ta jefa kayan a kan kujera, abin da ke naɗen ya warware. Bargon bara ne, wanda Mai Bargo ta yi mata don ɗakin kwanan ɗalibai. A tunaninta ganyaye kore ne a kan ruwan ƙasa. Abin da ta gani ya fi kama da kasuwar 'yan robobi.

"Da wannan kike lulluɓa a makaranta? A gaban mutane?"

"Umma, har layi ake yi a kansa. Wata 'yar ɗakinmu ta ce in tambaye ki ko za ki yi mata irinsa."

"Kada ki raina mini hankali."

"Wallahi da gaske nake."

A nan ne ta fahimci ba na bana kaɗai ba ne. Na bara, na bara waccan, duk haka suka fita, kuma ba wanda ya ce mata ƙala.

Ranar da kowa ya hallara, aka ci abinci, aka kwashe kwanuka, sai falon ya yi tsit, ana jiran ƙulli. Mai Bargo ta gyara zama ta ce bana babu kyauta, a yi haƙuri, za ta rama baɗi. Kafin ta rufe baki Direba ya tashi ya shiga ɗaki ya fito da ƙullin a kafaɗa ya dire a tsakiyar falo.

"Ni ma da hannuna a ciki," ya ce. "Rabona nake bayarwa."

Yaran suka fashe da dariya, suka yi caa a kan ƙullin. Makanike ya ɗaga rigar kujerar motar da aka yi masa, ya juya ta, ya ce, "Yaya, zo ki gani, bana na fi ki samun Baba. Dubi nan, ruwan hoda kusa da kore!"

Mai Bargo ta dube su ɗaya bayan ɗaya. "Wato kun sani."

"Tun shekarar farko, Umma," in ji Malama. "Duk inda muka ga launi ya yi tsalle ya fita layi, mun san Baba ne. Har musu muke yi a waya a kan wanda ya fi samu."

"Shi ne kuka bar ni ina ta kunyata kaina? Ba mai bakin da zai ce Umma aikinki ya lalace?"

Malama ta ce, "Da mun faɗa da kin daina. Mu kuma ba ma so ki daina. Laifinmu ɗaya, da ba mu kai ki asibiti da wuri ba. Mun ɗauka tsufa ne kawai."

Mai Bargo ta jawo bargon Auta na bara don ta samu abin yi da hannunta, tana bin ɗinkin da yatsa. Can ta tsaya. A gefe guda, inda nata ɗinkin ya yi tsalle ya bar rata, akwai wani ɗinki a kusa da shi, ƙanana-ƙanana, da zare na daban. Ba na gwani ba ne, an ja zaren ya yi tauri da yawa, amma an yi shi da haƙuri. Ta bi gefen, ta sake samun wani, ta sake samun wani.

"Wane tela ne ya taɓa mini aiki?"

Auta ta nuna yayarta da baki. Malama ta sunkuyar da kai kamar ɗalibar da aka kama.

"Duk shekara kafin mu watse nakan karɓa in bi inda ya buɗe, don kada audugar ta fito. A waya na koya. Kada ki duba da kyau, Umma, na san ban iya ba."

"Ke? Ke da kika ce allura ba ta ga hannunki ba?"

"Ta gan shi kam. Duk ta huda mini yatsu."

Mai Bargo ta kama hannun 'yarta ta juya shi tana kallon yatsun. Sannan ta ce, "Allah ya yi miki albarka. Amma kin cika jan zare."

Surukar tana gefe duk wannan lokaci, bargon taurarin yana kan cinyarta. Mai Bargo ta juya gare ta, kunya ta rufe ta.

"'Yata, ki bar mini shi. In ido ya warke zan yi miki wani na kirki, wanda za ki shimfiɗa ba ki ji nauyin baƙi ba."

Yarinyar ta ƙara riƙe shi. "Umma, don Allah ki bar mini wannan. Ni tun da nake, ba a taɓa zama an ɗinka wani abu don ni ba. Kuma kin yi shi ne ba kya gani." Ta ɗan yi murmushi ta dubi surukinta. "Tauraron Baba ma ya fi sauran kyau."

"Kin ji ko?" in ji Direba. "Ga mai ido nan."

Aka sake kwashewa da dariya, har da Mai Bargo, tana dariya tana tare idon da hannu. Yammacin ranar suka zauna ita da surukar a bakin taga, tana nuna mata yadda ake wanke irin wannan bargo da ruwan sanyi, a shanya shi a kwance. Hirar da suka yi ranar ta fi duk wadda suka yi tun bikin.

Hutu ya ƙare, yara suka watse, sabuwar shekara ta kama. Likita ya duba idon ya ce ya yi kyau, ta koma aikinta a hankali, na hagu kuma sai nan gaba kaɗan. Safiyar farko ta ɗauki allura ta zura zare da kanta tashi ɗaya, ta yi hamdala a fili. Da ta waiwaya sai ta ga mijinta tsaye da kofin shayi, yana kallon matashin allurai kamar wanda aka sallama daga aiki.

Ta ajiye allurar. Ta ce ya zauna, tana da magana.

Ta zayyana masa abin da take son yi bana. Da farko matasan zama don kujerun ɗakin jira na asibitin ido, don ta ga yadda tsofaffi ke ta mutsu-mutsu a kan ƙarfe mai sanyi. Sannan bargon 'yar ɗakin su Auta, tunda ta roƙa. Malama kuma ta yarda duk ƙarshen mako za su riƙa zama a waya, tana nuna mata yadda ake sassauta zare. Akwai kuma tsofaffin rigunan aikinsa da ke cikin akwati, tana so ta yanka ta yi masa abin ɗorawa a gwiwa, tunda sanyi ya fara damun ƙafafunsa.

"Duk ke kaɗai?" ya tambaya.

"Shi ya sa na ce ka zauna. Aikin ya fi ƙarfina. Ƙafarka ta saba da totur, hau keken nan mu gani."

Ya yi gardama kaɗan don kada a ce bai yi ba, sannan ya zauna. Ta sa masa ƙyalle biyu a ƙarƙashin allura. Ya taka, keken ya zabura, ƙyallen ya wuce ya faɗi ta baya.

"Birki, Baban yara, birki! Ba babbar hanya ba ce!"

Kafin mako ya ƙare ya iya miƙe layi. Ta bar masa haɗa dogayen tsiri, ita tana yanka da ɗinkin hannu. Maganar launi kuwa sun yi yarjejeniya: na asibiti ita za ta zaɓa, na yara kuma a bar masa kwali ɗaya ya zuba abin da ya ga dama.

Ƙyallayen gida ba za su isa matasan asibitin ba, don haka wata safiya suka sauko suka hau bas zuwa layin teloli, inda tsofaffin abokan aikinta ke tara mata ragowar yadi. Ya zauna yana ƙunƙuni a kan yadda yaron da ke tuƙi yake shan kwana. Ita tana bakin taga, tana karanta kowane allon kanti da ƙarfi, har na mai gyaran takalmi, har na likitan haƙori.

"Mutane na kallonki," ya raɗa mata.

"Su kalla. Kai, dubi wancan shagon, yaushe aka buɗe shi?"

"Ya fi shekara uku."

"To a dawowa za mu sauka a nan. Na hango wani yadi a ƙofa, mai ɗigo-ɗigo, zai yi kyau a shafi."